Yadda Ake Kiwon Kifin Ƙawa Na Ƙasashe Masu Zafi A Tankin Gilashi

Wanda ya taɓa tsayawa gaban tankin gilashi yana kallon ƙananan kifaye masu launi suna kai da komowa a tsakanin ganyaye, da wuya ya bar wurin bai ji sha'awar mallakar irinsa a ɗakinsa ba. Sai dai da yawa daga cikin masu fara wannan kiwo sukan yi asarar kifayensu tun a watan farko, kuma idan aka bi diddigi dalilin ɗaya ne: sun sayi tanki da kifi rana guda, sun cika shi da ruwa, sun zuba kifin, suna ganin tunda ruwan garau yake to lafiyayye ne. Alhali gubar da ke kashe kifi a sabon tanki ba ta da launi, ido ba ya ganinta. Saboda haka mafi yawan bayanin da zan yi a nan a kan ruwa ne da yadda ake tattalinsa, domin wanda ya iya da ruwa, kifi ba ya ba shi wahala. Kifayen da ake magana a kansu su ne na ruwan daɗi, waɗanda asalinsu daga koguna da fadamu da tafkunan ƙasashe masu zafi ne, kamar yankin kogin Amazon a Kudancin Amurka, da kudu maso gabashin Asiya, da manyan tafkunan gabashin Afirka.

Tanki da inda za a ajiye shi

Mutane sukan ɗauka cewa ƙaramin tanki ya fi sauƙin kulawa, amma akasin haka ne. Ruwa kaɗan yana saurin ɗaukar zafi, yana saurin hucewa, kuma ɗan abincin da ya ruɓe a cikinsa ya isa ya gurɓata shi cikin yini guda, yayin da ruwa mai yawa yakan shanye kuskuren mai kiwo har ya ba shi lokacin gyarawa. Kada mai farawa ya yi ƙasa da tanki mai cin lita 54 zuwa 60, in kuwa akwai hali da wuri, mai cin lita 100 ko sama ya fi. Lissafin ba shi da wuya: a auna tsawo da faɗi da zurfi da santimita, a ninka su, a raba da 1,000. Tanki mai tsawon santimita 60, faɗin 30, zurfin 30, lita 54 yake ci. Mai tsawon 80, faɗin 35, zurfin 40, yana cin lita 112. Dogon tanki mai faɗin baki ya fi siriri mai zurfi, domin ta saman ruwa iskar oksijin ke shiga. Wannan ne ma ya sa kewayayyen kwanon gilashin nan mai ƙaramin baki da ake yawan gani a hotuna bai dace da zaman kifi ba ko kaɗan.

Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, saboda haka tanki mai lita 112, idan aka haɗa da nauyin gilashi da tsakuwa da duwatsu, yana iya kaiwa kilo 140. Dole mazauninsa ya zama mai ƙarfi, shimfiɗaɗɗe, wanda bai karkata ba, kuma duk gindin tankin ya zauna a kansa, kada wani gefe ya yi reto a iska. A shimfiɗa siririn soso ko roba mai laushi a ƙarƙashinsa, domin ƙwayar tsakuwa guda da ta maƙale tsakanin gilashi da katako tana iya tsaga shi idan nauyi ya hau. A nisanta shi da tagar da rana ke haskowa kai tsaye, saboda rana tana ɗumama ruwa fiye da kima tana kuma haifar da gansakuka, sannan a tabbatar akwai soket a kusa. Wurin da aka zaɓa shi ke nan, don ba a ɗaga tanki da ruwa a ciki.

Kayan aiki

Abu mafi muhimmanci shi ne filta, wato na'urar tace ruwa. Aikinta na zahiri shi ne kama datti, amma babban aikinta shi ne zama gida ga ƙwayoyin bakteriya masu amfani waɗanda bayaninsu ke tafe. A nemi wadda za ta juya ruwan tankin gaba ɗaya kamar sau huɗu zuwa biyar a awa, wato tanki mai lita 100 yana bukatar filta mai tura lita 400 zuwa 500 a awa. Ba a kashe ta dare ko rana. Wasu sukan kashe ta da daddare saboda ƙara, ba su san cewa bakteriyar da ke cikinta da iskar da ruwa ke kawo musu suke rayuwa ba. A daidaita bakinta yadda zai riƙa motsa saman ruwa, domin wannan motsin ne ke shigar da iska.

Sai hita mai kashe kanta idan ruwa ya kai zafin da aka saita. Yawancin waɗannan kifaye suna son digiri 24 zuwa 27 a ma'aunin Salshiyos, kuma abin da ya fi cutar da su shi ne hawa da saukar zafi tsakanin rana da dare. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce wat ɗaya ga kowace lita. Ko da ɗakin mai ɗumi ne, hitar tana da amfani don daren da sanyi ya sauko, kuma ba ta cin wuta sai ta kunnu. A haɗa ta da ma'aunin zafi na daban a ɗaya gefen tankin, don lambar da ke jikin hita ba kullum take faɗin gaskiya ba. Fitila kuma awa 6 zuwa 8 a rana ta wadatar. Abin da ya wuce haka gansakuka yake ciyarwa. Murfi wajibi ne, domin kifi yana tsalle. Kowace waya da ta fito daga tanki a bar ta ta sauka ƙasa da soket kafin ta hau zuwa gare shi, yadda in ruwa ya biyo ta zai ɗiga a ƙasa maimakon ya shiga wuta. A ƙarshe a ware bokiti ɗaya da tiyo da ƙaramar raga waɗanda ba za su taɓa haɗuwa da sabulu ba, a kuma sayi kayan gwajin ruwa na ɗigawa. Idan kuɗi ya gaza, gara a haƙura da kayan ado a sayi na gwajin.

Shimfiɗa da cika ruwa

A ɗauraye tsakuwa ko yashi da ruwa zalla, ana cuɗawa ana zubarwa har ruwan ya fito fes, sannan a shimfiɗa kaurin santimita 3 zuwa 5, bayan ya ɗan fi gaba tudu. Duk dutsen da za a sa a gwada shi da ɗigon ruwan khal: idan ya yi kumfa, dutsen farar ƙasa ne, zai riƙa narkewa a hankali yana sauya yanayin ruwan. Wajen cikawa a ɗora faranti a kan yashin a riƙa zuba ruwa a kansa don kada shimfiɗar ta watse. Ruwan famfo yana ɗauke da kilorin, wani wuri kuma kiloramin, sinadaran da ake zubawa don kashe ƙwayoyin cuta, dukansu kuma suna ƙona mashaƙar kifi suna kashe bakteriyar filta. Kilorin yakan fice idan ruwa ya kwana a buɗe, amma kiloramin ba ya fita ta haka, don haka abin dogaro shi ne maganin kashe kilorin da ake ɗigawa a duk ruwan da zai shiga tanki. Ba a kunna hita sai ruwa ya rufe ta.

Ina ba da shawarar a dasa tsirrai masu rai tun daga farko, domin suna shan wani ɓangare na ƙazantar ruwa, suna kuma ba kifi maɓoya. Tun a 1850 wani masanin sinadarai ɗan Ingila, Robert Warington, ya nuna cewa kifi da tsiro da katantanwa suna iya rayuwa tare a ruwa ɗaya kowa yana amfanar ɗan'uwansa, kuma tsiron da ya yi gwajin da shi, Vallisneria, mai dogayen ganye kamar ciyawa, har yau yana cikin mafi sauƙin rainawa. Anubias da tsiron da ake kira Microsorum, ɗan asalin kudu maso gabashin Asiya, ba sa bukatar haske mai yawa, sai dai ba a binne kaurin jijiyarsu a yashi, don ruɓewa take yi. Ɗaure su ake yi da zare a jikin dutse ko itace har su kama da kansu.

Makonnin jira

Nan ne gundarin maganar. Kifi yana fitar da sinadarin amoniya ta mashaƙarsa da kashinsa, ragowar abinci da matattun ganye ma amoniya suke komawa idan sun ruɓe. A kogi ruwa yana tafiya da ita, a tanki kuwa ba ta da inda za ta. Amoniya guba ce ko da kaɗan ce, kuma dafinta yana ƙaruwa idan ruwa ya ƙara ɗumi ko ma'aunin pH, wanda ke nuna tsamin ruwa ko rashinsa, ya hau. Abin da ke ceton kifi shi ne rukuni biyu na bakteriya da ke zama a jikin soson filta da tsakuwa. Rukunin farko yana cin amoniya ya mayar da ita naitirait, wanda shi ma guba ne, domin yana shiga jinin kifi ya hana shi ɗaukar oksijin, sai a ga kifi yana haki a saman ruwa alhali iska ba ta ƙare ba. Rukuni na biyu yana mayar da naitirait ya zama naitiret, wanda dafinsa kaɗan ne, shi kuma ake ragewa ta hanyar canjin ruwa. Sunayen biyu sun yi kama ƙwarai, kuma wajibi ne mai kiwo ya rarrabe su: na farko kisa yake yi, na biyu jurewa ake yi.

Sabon tanki ba shi da isasshen waɗannan bakteriya, kuma ba sa saurin hayayyafa. Sukan ɗauki mako huɗu zuwa shida, wani lokaci har takwas, kafin su kafu. Hanyar da ta fi dacewa ita ce a raine su kafin kifi ya zo. A kunna filta da hita, a kai zafin ruwa wajen digiri 27, sannan a ba su abinci, ko dai ɗigon amoniya zalla da ake sayarwa don wannan aiki, har gwaji ya nuna miligiram 2 a kowace lita, ko kuma ɗan tsunkulen abincin kifi kullum a bar shi ya ruɓe. Daga nan sai gwaji duk bayan kwana biyu. Ana ɗibar mililita 5 na ruwan tanki a 'yar kwalba, a ɗiga maganin gwaji, a girgiza, a jira minti biyar, sannan a kara kwalbar da katin launuka a gaban haske. A yawancin irin waɗannan kaya, gwajin amoniya yakan fito kore a makon farko, daga baya ya riƙa kwaranyewa yana komawa rawaya. A daidai lokacin ne kwalbar naitirait da ta kasance shuɗiya fayau za ta rikiɗe ta zama shunayya, ta zauna a haka har mutum ya fara zaton ba za ta sauka ba. Wannan mataki na biyu shi ne mafi tsawo, kuma a nan mutane suka fi gazawa su je su sayo kifi. A ci gaba da ciyar da bakteriyar kawai. Ranar da aka sa amoniya, aka dawo bayan awa 24 aka tarar amoniya sifili, naitirait sifili, naitiret kuma ya bayyana, tanki ya nuna. Sai a canza rabin ruwan ko fiye don rage naitiret, a tafi neman kifi.

Akwai hanyar rage jiran. Idan aka sami wani mai tsohon tanki lafiyayye, a roƙi yankin soson filtarsa, a kawo shi jiƙe cikin ruwan tankinsa, a cusa a sabuwar filta nan take. Wannan yakan rage makonnin sosai. Ruwan tsohon tanki shi kaɗai ba ya yin wannan aiki, domin bakteriyar a manne suke da abubuwa, ba yawo suke yi a ruwa ba. Wanda kuma ya riga ya zuba kifi a ɗanyen tanki, abin da ya rage masa shi ne ya rage abinci sosai, ya riƙa gwaji kullum, ya canza kashi 30 zuwa 50 cikin ɗari na ruwan duk ranar da ya ga alamar amoniya ko naitirait, kuma kada ya ƙara ko kifi ɗaya har abin ya daidaita.

Zaɓen kifi

Kafin a sayi kowane kifi a nemi amsar tambayoyi uku: yaya girmansa idan ya gama girma, wane irin ruwa yake so, kuma da wa yake iya zama. Tambayar farko ita aka fi mantawa, domin kusan duk kifin da ke wurin mai sayarwa yaro ne. Oska, ɗan kifin nan mai wayo da manyan idanu, yana kaiwa santimita 30, kuma duk abin da ya shiga bakinsa abinci ne. Fileko na gama-gari, wanda ake sayar wa mutane da sunan mai share gilashi, yana wuce santimita 30, kashin da yake yi kuma ya fi abin da yake sharewa. Wanda yake son irinsa ya nemi ɗan'uwansa Ancistrus, mai gashin baki, wanda ba ya wuce santimita 12 zuwa 15. Kifin zinariya kuwa ba ya cikin wannan sahu gaba ɗaya, na ruwan sanyi ne, kuma yana girma ƙwarai.

Game da ruwa, mafi yawan kifayen da aka haifa a hannun masu kiwo suna zama lafiya a pH 6.5 zuwa 7.5. Ra'ayina shi ne mutum ya gwada ruwan da yake da shi ya zaɓi kifin da ya dace da shi, maimakon ya riƙa zuba magunguna yana kokawa da ruwan, domin pH mai hawa da sauka ya fi wanda ya ɗan kauce amma ya tsaya wuri ɗaya illa. Idan ruwan mai yawan ma'adinai ne, irin wanda ke barin farin ɓawo a cikin butar dafa ruwa, to gofi da filati da moli za su ji daɗinsa. Gofi, wanda masana ke kira Poecilia reticulata, ya samo sunansa daga Robert John Lechmere Guppy, wanda ya aika samfurinsa daga tsibirin Tirinidad zuwa Landan a 1866. Waɗannan ukun ba ƙwai suke sakawa ba, haihuwa suke yi, kuma a sa mata biyu ko uku ga kowane namiji don kada ya addabi guda ɗaya da bi. Idan ruwan mai sauƙin ma'adinai ne, tetira na yankin Amazon da rasbora na Malesiya da Tailan sun fi dacewa. Niyon tetira, mai zanen shuɗi da ja, bai wuce santimita 4 ba, amma ba ya jure sabon tanki, gara a jinkirta shi zuwa wata na biyu ko na uku. Daniyo mai zane-zane, ɗan asalin Indiya da maƙwabtanta, yana cikin mafi juriya, shi ya sa ya dace da zama na farkon shiga.

Tetira da rasbora da daniyo 'yan garke ne, ba a ajiye ƙasa da shida na iri ɗaya, in sun kai goma ma ya fi. Guda biyu a tanki a tsorace suke wuni, launinsu ya kwaranye. Garke ɗaya babba ya fi kyan gani a kan tarkacen iri biyar bibbiyu. Koridoras ma ɗan garke ne, mazaunin ƙasa, yana tonon yashi da gashin bakinsa, saboda haka tsakuwa mai kaifi tana cinye masa shi. Kada a firgita idan aka ga ya taso a guje daga ƙasa, ya taɓa saman ruwa, ya koma kamar an jefa shi: iska ya haɗiya, domin yana iya shan oksijin ta hanjinsa. Beta, mayaƙin kifin nan na Tailan, shi ma yana shaƙar iska daga sama ta wata gaɓa ta musamman, amma wannan bai sa ya zama kifin kwalba ba, yana bukatar hita da filta kamar kowa, kuma ba a haɗa maza biyu. Anjel yana da kyau da natsuwa, sai dai idan ya girma yakan cinye niyon tetira. Kifayen tafkin Malawi kuwa ruwa mai pH wajen 8 suke so, ga faɗa, tankinsu daban ne. A misali, tanki mai lita 112 zai ɗauki rasbora goma, da koridoras shida, da ƙananan gurami biyu, kowa da sashensa: tsakiya, ƙasa da sama.

A wurin saye a tsaya a kalli tankin mai sayarwa na ɗan lokaci. Idan akwai mataccen kifi a ciki, ko mai fararen ɗigo, ko wanda ya naɗe fikafikansa ya raɓe a lungu, a bar duk tankin. Idan aka iso gida a kashe fitila, a ɗora ledar a saman ruwa minti 15 zuwa 20 don zafinsu ya daidaita, sannan a buɗe ta a riƙa zuba mata ruwan tanki kaɗan-kaɗan na wani minti 20, a kwashe kifin da raga a sake shi, ruwan ledar kuma a zubar. Ba a shigar da kifaye duka lokaci guda; garke ɗaya, a jira mako biyu ana gwaji, sannan na gaba, domin bakteriya su riƙa ƙaruwa daidai da nauyin da aka ɗora musu.

Ciyarwa da canjin ruwa

Sau ɗaya ko biyu a rana, gwargwadon abin da za su cinye cikin minti biyu. Kifi ba ya nuna ƙoshi, duk sanda ya ga mutum zai taso kamar ya kwana uku bai ci ba, kuma yawan abinci ya fi yunwa kashe shi. Mazauna ƙasa a jefa musu irin abincin da ke nutsewa, kada a bar su da ragowar wasu. Lafiyayyen babban kifi yana iya yin mako guda ba abinci, don haka mai gajeriyar tafiya gara ya bar su haka da ya damƙa gwangwanin abinci a hannun wanda bai san ƙa'ida ba.

Kowane mako a canza kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari na ruwan. A fara cire filogin hita, domin idan ta fito sarari tana da zafi tana iya fashewa. A zuƙo ruwa da tiyo zuwa bokiti ana caccaka tsakuwa don dattin da ya kwanta ya biyo, sannan a mayar da sabon ruwa mai maganin kilorin wanda zafinsa ya yi kusa da na tanki. Burin shi ne naitiret ya tsaya ƙasa da miligiram 40 a lita, ƙasa da 20 ma ya fi. Cike gurbin ruwan da ya ƙafe ba canjin ruwa ba ne, don ruwa ne kaɗai ke tashi, ƙazantar tana nan. Ba a kwashe kifi a wanke tanki tas, ko sau ɗaya.

Wankin filta shi ne inda na taɓa yin ɓarna da hannuna. Na ciro soson na ga ya yi baƙi ƙirin, sai na kai shi bakin famfo na wanke shi har ya koma kamar sabo, ina jin na yi abin kirki. Bayan kwana uku ruwa ya yi fari kamar an ɗiga madara, kifaye suka taru a sama suna haki, kwalbar naitirait ta fito shunayya, kafin in shawo kan abin na rasa tetira huɗu. Ruwa ba ya tsami banza: kilorin ɗin famfo ne ya kashe abin da na shafe makonni ina raino. Daidai shi ne a wanke soso sau ɗaya a wata, ko idan ƙarfin ruwan filta ya ragu, a cikin bokitin ruwan da aka zuƙo daga tanki. A matsa shi sau uku ko huɗu har ruwan bokitin ya koma kamar na kududdufi, a mayar da shi da sauran duhunsa. Idan ya tsufa ya fara marmashewa, a canza rabi, bayan wata guda a canza ɗaya rabin.

Idan wani abu ya faru

Duk sanda kifi ya sauya hali, ya daina ci, ko ya riƙa goga jikinsa da dutse, a fara da gwajin ruwa kafin a nemi magani, domin sau da yawa canjin ruwa kaɗai ke warware matsalar. Cutar da aka fi gamuwa da ita ita ce ta fararen ɗigo, inda jikin kifi da fikafikansa ke yin kamar an barbaɗa musu gishiri. Wata ƙwayar halitta ce ke shiga ƙarƙashin fata, ta ƙoshi, ta faɗo ƙasa, ta fashe ta fitar da ɗaruruwan 'ya'ya masu neman sabon kifi, kuma magani ba ya kama ta sai a wannan mataki da take yawo a ruwa. Saboda haka ɓacewar ɗigon ba warkewa ba ce. A cika kwanakin da aka rubuta a jikin maganin, a ɗan ɗaga zafin ruwa zuwa digiri 28 don ƙwayar ta yi saurin fitowa, a ƙara motsin ruwa tunda ruwa mai ɗumi ba ya riƙe oksijin sosai, a kuma cire gawayin filta in akwai, don yana tsotse magani. Mai ƙaramin tanki na biyu da zai killace sabon kifi mako biyu zuwa huɗu ya huta da yawancin wannan wahala.

Idan wuta ta ɗauke, iska ce abin damuwa kafin zafi. Ƙaramin injin hura iska mai batir yana maganin wannan, in babu shi a riƙa ɗibar ruwan tankin da kofi ana kwararo shi daga sama lokaci-lokaci. A daina ba da abinci, a lulluɓe tankin da bargo idan ana sanyi, idan kuma abin ya wuce 'yan awoyi a ciro soson filta a sa shi cikin tankin kusa da inda ruwa ke motsi, sannan a yi gwaji na kwanaki bayan wutar ta dawo.

Mai gofi kuma ya shirya wa yawa, domin macen tana haihuwa kusan kowane wata, tana ma iya ajiye maniyyin namiji ta haihu sau da dama ba tare da shi ba. Wanda ba ya son haka ya ajiye maza zalla. Idan kifaye suka yi wa tanki yawa, ko wani ya girme shi, a ba wani mai kiwo ko a mayar wa mai sayarwa, kada a sake su a kogi ko tafki ko magudanar ruwa. Fileko da aka saki ta irin wannan hanya ya riga ya kafu a ruwayen Fulorida da Tekzas a Amurka da kuma na Filifin, inda yake haƙa ramuka a gaɓar kogi yana gasa da kifayen asali.